Zoɓon da Ya Ƙi Haske: Nazarin Lamarin Wata Mai Lemon Biki a Samaru

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa shekararta 27, tana zaune gidan iyayenta a Samaru, Zariya. Ilimin ƙananan halittu ta karanta. Da ta gama hidimar ƙasa aiki bai samu ba, sai ta kama haɗa zoɓo, kunun aya da lemon citta tana kai wa gidajen biki da suna, daga Samaru har Kongo da cikin birni. Sana'ar ta karɓe ta: firiza ɗaya, kuloli 4, da wani mai Keke da ke yi mata dako. Ta yarda a rubuta labarin bisa sharaɗin kada sunanta ya fito. Na tattara shi daga bakinta, da kuma wani littafin makaranta mai ganye 60 da ta riƙa rubuta kowane gwaji a ciki, har ranakun da ba ta ga komai ba. Littafin nan ne ya sa lamarin ya nazartu, don yawancin masu irin wannan gwaji a gida hoton ranar nasara kaɗai suke ajiyewa.

Matsalar a taƙaice: ta ɗauki alkawarin zoɓo mai haske a duhu don dinar auren ƙanwarta, ta yi niyyar cika shi da yis ɗin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma mako 12 ne a hannunta.

Farkon Oktoba: alkawari

Amaryar 'yar gwaggonta ce, an sa biki ƙarshen Disamba. Wani dare ta turo mata bidiyo a WhatsApp: wani Bature a ɗaki mai duhu riƙe da kofin gilashi, abin da ke ciki yana haske kore shar. A ƙasa ta rubuta, "Yaya, irin wannan nake so a dinata, amma zoɓo." Ba ta tsaya dogon tunani ba ta ce an gama.

Abin da ya ba ta ƙwarin gwiwa shi ne ta san sunan abin tun tana makaranta. Furotin ne, wato wani sinadari da jikin halitta ke ƙerawa, mai fitar da koren haske, ana kiransa GFP. Osamu Shimomura, masani ɗan Japan, shi ya fara bayyana shi a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, daga jikin wata halittar teku mai siffar lema da ake ce wa Aequorea victoria. A 1994 Martin Chalfie ya nuna cewa in aka ɗauki ƙwayar halittar da ke ƙera furotin ɗin aka sa wa bakteriya ko tsutsa, su ma za su ƙera shi su yi kore. Roger Tsien ya fitar da launuka iri-iri daga gare shi. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2008. Daga ɗakunan bincike abin ya gangaro hannun masu gwaji a gida. A 2016 wani kamfani a Amurka, The ODIN, ya fara sayar da kayan sauya yis don a yi barasa mai haske. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta ja masa kunne cewa furotin ɗin na iya shiga sahun launin abinci, wanda sai da amincewarta ake sa wa abin ci ko sha. Kamfanin ya sauya yadda yake tallar kayan. Wannan ɓangaren bai zo mata cikin bidiyon ba.

Ta tuntuɓi wani tsohon abokin karatunta da ke ƙasar waje. Ya ce yana da irin yis ɗin, kuma akwai mai tahowa gida. Cikin su biyun babu wanda ya tambayi ko ana bukatar takarda.

Tsakiyar Nuwamba: ƙunshi ya iso

Abin da ya iso: ɗan bututu ɗaya mai yis, faranti 4 na roba da aka riga aka zuba wa abincin yis haɗe da wani magani mai suna G418, da takarda rubuce da hannu. Maganin yana da dalili. Umarnin ƙera GFP ba a cikin ainihin gadon wannan yis yake ba, yana kan wani ɗan zoben DNA ne da ake kira filasmid, kuma zoben ne ke ɗauke da kariya daga maganin. Muddin akwai maganin a faranti, yis mai zoben kaɗai zai rayu.

Ta share siton bayan kicin, ta goge tebur da sifirit, ta mai da shi ɗakin gwaji. Hunturu ya riga ya sauka. Yis ya fi son ɗumin da ya kusa digiri 30, daren Samaru kuwa a wannan lokaci sai da bargo, don haka ta sa farantan cikin kula tare da gorar ruwan ɗumi tana sauyawa safe da yamma. Ƙura ta yi nata aikin: faranti 2 suka yi fumfuna. Sauran 2 bayan kwana 3 suka fito da ɗigo-ɗigo farare kamar an yayyafa madara.

Daren farko ta kashe wuta ta zauna minti 10 tana jira. Ko tafin hannunta ba ta gani ba.

A nan ta tuna bambancin da ɗokin bidiyo ya mantar da ita. Haske iri biyu ne a jikin halitta. Akwai na maƙesu, ƙwaron nan da ke walƙiya a ciyawa da damina, wanda ke ƙera haskensa da kansa ta hanyar haɗa sinadarai a jikinsa. GFP ba haka yake ba. Shi aro yake yi: sai an haska shi da wani haske, ya haɗiye, ya mayar da kore. Ka kashe fitila, ya mutu nan take.

Washegari ta aro tocilan duba kuɗi wurin wani mai POS, irin mai hasken UV da ke fito da ɓoyayyun alamomin takardar naira. Abin da ta gani bai taka kara ya karya ba. Dalili: GFP na asali ya fi karɓar haske mai tsawon zango nanomita 395 (ma'aunin da ake bambance launukan haske da shi ke nan), wanda irin wannan tocila ke bayarwa, amma nau'in da aka gyara don ɗakunan bincike ya fi son shuɗin haske wajen 488. Dukansu kore suke mayarwa, wajen 509. Ta je kasuwar Sabon Gari ta sayo fitilar LED shuɗiya. Sai shuɗin ya cika ido ya danne koren. Abin da ya warware shi tabarau ne mai ruwan ɗorawa, irin wanda wasu direbobi ke sawa da dare: yana tare shuɗi ya bar kore ya wuce. Da ta sa, ɗigon suka tashi kore a kan faranti.

A littafin ta rubuta, "Ya yi. Amma sai da tabarau." Ƙasa kaɗan, da wani biro dabam, ta ƙara yawan mutanen da za su zo dinar, "Baƙi 200."

Ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba: gwaji huɗu

Ta ɗebi yis daga faranti ta raina shi a ruwan sukari da ɗan abincin yis, ta bari ya kwanta. Gurɓin da ya taru a ƙasan kwalba yana yin kore sosai ta cikin tabarau. Daga shi ta riƙa ɗiba.

Zoɓo ta fara, tunda shi aka nema. Ta auna tsaminsa da takardar pH, wadda lambarta ke raguwa in tsami ya ƙaru, ya faɗo tsakanin 2.5 da 3. Ta zuba cokali ɗaya na gurɓin a kofi, ta haska: babu. Cokali 3: babu. Ta ɗauka yis ne ya mutu, sai ta mayar da ɗigo ɗaya kan faranti, ya tsiro lafiya. Ashe tsami ne. Nau'in GFP da aka gyara yana rasa kusan rabin haskensa tun pH na wajen 6, kuma yana ci gaba da disashewa in tsami ya ƙaru. Ƙwayar yis tana ƙoƙarin kare cikinta daga tsamin waje, amma wannan kariya tana da iyaka.

Sai ta yi abin da kowace mai girki za ta yi: ta jiƙa kanwa ta tsiyaya ruwan a hankali har takarda ta nuna 6. Zoɓon ya tashi daga ja ya koma shuɗi-baƙi kamar ruwan marina. Ta ɗanɗana wani kofi da ba ta sa wa yis ba, ta tofar. Haske kuwa har yanzu babu. A nan ne ta gano matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Abin da ke sa zoɓo ja wani sinadari ne, antosayanin, kuma yana yin ja ne saboda yana haɗiye koren haske, wajen nanomita 520. Wato duk koren da yis ya fitar, zoɓon da ke kewaye da shi zai shanye kafin ya iso ido. Yana kuma tsinke wani kaso na shuɗin da ke shigowa. Ko da a ce GFP bai damu da tsami ba, jan zoɓo da koren haske ba sa shan inuwa ɗaya. Da an nemi a zaɓi abin sha mafi rashin dacewa da wannan furotin a duk kasuwar Samaru, da wuya a wuce zoɓo.

Kunun zaki bai ɗauki lokaci ba. Tsaminsa wajen 4, ga kauri, haske ba ya ratsa shi. Ɗan kore-kore a jikin gilashi, shi ke nan.

Fanke ta gwada don neman mafita, ko amarya za ta yarda a musanya. A ƙullun ma da ƙyar ake ganin ɗigo inda yis ya dunƙule. Da ya fito daga mai babu komai. GFP yana da juriya a cikin furotin, amma in zafi ya haura digiri 70 zuwa 80 siffarsa rushewa take yi, cikin fanke kuwa yana kusantar tafasar ruwa. Ta zubar da shi ba wanda ya ci.

Na huɗu, farin ruwan sukari, shi kaɗai ya ba da abin kallo. Sai dai kafin ya haska yadda ido zai gamsu, sai an zuba yis har ruwan ya yi kama da na wankin shinkafa, yana warin ƙullun da ya kwana. Sannan wani abu ya ɓullo. Duk lokacin da ta ɗebi tsohon ruwa ta zuba a sabo don ta ƙara yawa, hasken raguwa yake yi. A zubi na 3 ta rubuta "ya yi rauni", a na 5 ta rubuta "babu". Zoben ne ke zubewa. Ɗaukarsa nauyi ne ga yis, kuma in babu maganin da ke kashe marasa shi, waɗanda suka yar da shi sun fi saurin hayayyafa, sai su mamaye kwalbar. Maganin kuwa guba ne ga ƙwayoyin jikin mutum ma, ba abin da za a sa a kofin baƙo ba ne.

Mako na biyu na Disamba: robar da ta fashe

Saura mako 2 da 'yan kwanaki. Ta yi tunanin ko in yis ya girma a cikin lemon kansa zai fi. Ta cika robobi 3 masu cin lita ɗaya da rabi da tataccen ruwan abarba da sukari, ta zuba yis daga farantin ƙarshe, ta murɗa murafe tam, ta jingina su bayan firiza inda ke da ɗumi.

Kwana 2 bayan haka, gab da asuba, ɗaya ta tarwatse. Kafin ta tashi daga barcin safe, yarinyar da ke taya su aiki ta wanke siton tas, ta kora ruwan zuwa kwata. Mahaifiyarta na tsaye a ƙofar kicin.

"Ke, warin me nake ji haka? Burkutu kike dafa mini a gida?"

"Umma, gwaji ne."

"Gwajin da ke warin gidan giya, ba dai a gidan nan ba."

Umma ba ta san GFP ba, amma hancinta ya riga littafin gwajin isa ga gaskiya. Yis mai rai in ya samu sukari a rufaffen wuri abu biyu yake fitarwa: iskar da ta fasa robar, da barasa. Duk abin shan da za a zuba wa yis mai rai da yawan da zai haska, in ya jima da ɗumi, hanyar giya ya kama. Mai gwajin ta karanta wannan a aji biyu na jami'a, ta amsa shi a jarrabawa, amma ba ta taɓa haɗa shi da kofin da za a miƙa wa gwaggonni da surukai ba. Ga kuma ƙarin takaici: GFP sai da iskar oksijin yake nuna ya fara haske, don haka rufaffiyar roba ce wuri mafi muni gare shi. Robobi 2 da suka rage ba su fi na baya haske ba.

Ranar da ta je wurin Malama

Ruwan da ya tafi kwata ne ya hana ta barci. Da yamma ta ɗauki littafin ta tafi Palladan wurin wata tsohuwar malamarta da ta yi ritaya. Bayan gaisuwa ta ce, "Malama, da laifi na zo."

Malama ta karanta littafin shafi-shafi ba ta ce uffan ba. Da ta rufe, tambayar farko ba ta kimiyya ba ce. "Ina takardar izininki?"

Tun 2015 Najeriya ke da dokar da ta kafa hukumar NBMA, mai sa ido kan halittun da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma an faɗaɗa dokar a 2019 ta haɗa da sababbin fasahohi. Shigo da irin wannan halitta, ko aiki da ita ko da a rufaffen ɗaki ne, ko sakin ta a waje, duk sai da izini, kuma akwai tara da ɗauri ga wanda ya saɓa. Malama ta tuna mata abin da ke ƙofar gidansu. Waken SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar Maruca da ke cinye fure da kwanso, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke nan Samaru aka yi aikinsa. Ya shafe kusan shekara 10 a killataccen fili ana gwaji kafin hukumar ta amince da shi a farkon 2019, aka sake shi ga manoma a ƙarshen shekarar. Duk da haka har gobe ana muhawara a kansa a rediyo da majalisun unguwa. "Wannan da takarda ke nan," in ji Malama. "Ke kuma kina so ki shayar da mutum 200 abin da ya shigo a jakar matafiyi."

Kan ruwan kwata ta kwantar mata da hankali. Yis ɗin burodi ne, furotin ɗin ba ya ƙara masa ƙarfin komai a waje, kuma littafinta da kansa ya nuna yadda yake yar da zoben. Amma zoben na ɗauke da umarnin jure magani, irin abin da ba a so ya riƙa yawo, don haka a kashe duk abin da ya rage. Washegari Malama ta zo da kanta. Suka sassauta murafen robobin a hankali, suka juye komai da bututun da farantan cikin tukunyar firesha, wadda ke kai digiri 121 in ta ɗauki cikakken matsi, suka bar shi minti 30. Tebur, daɓe da bakin kwata aka jiƙa su da bilic, kashi 1 cikin 10 na ruwa, aka bari ya jima kafin a ɗauraye. Tukunyar ba ta sake komawa kicin ba. Wannan hukuncin Umma ne.

Kafin ta tafi, Malama ta ce a ba ta kofin ruwa da tocilan mai POS. Ta ciro wata ƙwaya ruwan ɗorawa daga jaka, ta gutsura kaɗan ta jefa, ta ce a rufe taga. Kofin ya kama haske, kore mai ratsin ɗorawa, ba tabarau.

Mako na uku na Disamba: bitamin B2

Ribofilabin ne, wato bitamin B2. Yana cikin madara, ƙwai da hanta, kuma an daɗe ana amfani da shi a matsayin launin abinci mai lamba E101. Shi ma aron haske yake yi kamar GFP, amma yana karɓar na tocilan UV da kyau, kuma tafasa ba ta rusa shi.

Ta sayo B2 zalla mai lambar NAFDAC a kantin magani, bayan ta yi wa mai harhaɗa magungunan bayanin abin da za ta yi. Shi ya hana ta ɗaukar haɗin bitamin B mai ɗauke da sauran 'yan uwansa, don ba duka ne ake sha ba lissafi ba.

Zoɓo ya sake ƙi, bisa dalilin farko: ja ya shanye kore. Farin zoɓo ya ɗan haska amma a dishe, don in tsami ya yi tsanani B2 ma ja da baya yake yi. Kanwa ba mafita ba ce, tana sa haske ya lalata shi da sauri. Kunun aya samansa kaɗai ke haske. Wanda ya karɓa shi ne lemon citta: citta da kanumfari, a tafasa, a bari ya kwanta dare guda, a tsiyaye saman a tace da ƙyalle sau 2, a sa sukari da ɗan lemon tsami har takarda ta nuna tsakanin 4 da 4.5. In ya fito garau, hasken na ratsa kofin daga ƙasa har sama.

Ta gwada miligiram 2, 5, 10 da 20 a kowace lita. Na 2 ya yi rauni. Na 20 ya rina lemon ɗorawa ko da rana, ga ɗaci-ɗaci a maƙogwaro. Ta tsaya a 5, wato ƙwaya ɗaya mai miligiram 100 a jarka mai lita 20, a narkar da ita a ruwan ɗumi a tace garin da ya rage. Kofi mai cin rubu'in lita ya tashi da miligiram 1.25, kusan abin da babban mutum ke bukata a rana, wanda ke tsakanin 1.1 da 1.3.

Kuskure ɗaya ta yi a wannan mako. Ta bar jarkar gwaji fara a tsakar gida daga azahar zuwa la'asar. Da dare hasken ya ragu sosai, ɗanɗanon ma ya juya. Rana ce ke karya B2, abin da ya sa madarar da aka bari a rana ke rasa shi. Daga nan jarka sai cikin baƙar leda, sai cikin kula.

Ta kuma gano ruwan tonik na kanti yana yin shuɗi mai kyau a ƙarƙashin tocilan, saboda kwinin da ke ciki. Ba ta sa shi a abin sha ba, don akwai masu ciki da waɗanda jininsu ba ya jituwa da kwini cikin baƙi. Ta bar shi a rufaffun kwalabe don ado.

Wurin sayen fitila wani mai kayan wuta ya miƙo mata dogon ƙwai mai farin gilashi, ya ce shi ne "mai ƙarfi". Na kashe ƙwayoyin cuta ne, mai nanomita 254, wanda ke ƙona ido da fata. Ta ajiye masa, ta ɗauki igiyar LED mai 395.

Daren dina

Lita 60, jarka 3. Ta sa kafinta ya buga mata dogon akwati mai baƙin ciki, aka shimfiɗa igiyar fitilar a ƙasa, aka jera kofuna a kan gilashi, ta yadda hasken ke bugun gindin kofi ba idon mutane ba. Babban abokin gaba a ɗakin taro masu ɗaukar bidiyo ne da fitilunsu. Sai da aka roƙe su suka kashe na minti 10 lokacin shigowar amarya. A waɗannan mintuna teburin ya yi abin da aka nema. Duk wanda ya ɗauki kofi ya yi taku 3, lemonsa ya koma lemon citta kamar kowane.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne farar shadda da leshi. Sabulun wanki da fararen yadudduka da yawa na ɗauke da sinadarin da ke mayar da UV shuɗi, don haka abokan ango da suka matso kusa da teburin sun kusa fin lemon haske.

Ta ajiye kati rubuce da Hausa: citta, kanumfari, lemon tsami, sukari, bitamin B2, da gargaɗin cewa fitsari na iya yin ɗorawa, ba ciwo ba ne. Wasu dattawan mata sun karanta sun wuce teburin zoɓo na yau da kullum da ta tanada a gefe. Gwaggo, uwar amarya, ta tsaya ta kalli kofunan ta ce, "Ɗiyata, sannu da ƙoƙari, amma ni ba na shan abin da ke kallona." An sha kusan jarka 2. Amarya ta yi murna, ta kuma ce, "Yaya, ai ja na ce."

Abin da nazarin ya nuna

Yis ɗin bai gaza ba. Ya ƙera furotin ɗin kamar yadda aka tsara shi, a kan faranti, da magani, da fitilar da ta dace. Abin da ya gaza shi ne ɗauko shi daga nan zuwa kofi, kuma dalilan a bayyane suke tun ranar alkawari: launin zoɓo da tsaminsa, zafin mai, zubewar zoben, da barasa. Biyu daga cikinsu, launi da barasa, babu dabarar gida da za ta kauce musu. Rabin awa da takarda da biro a farkon Oktoba da ya nuna mata haka. Bidiyon ya ɓoye fitilar da ke gefe da abin da kyamara ke iya tarawa a duhu wanda ido ba ya iyawa, ita kuma iliminta ya sa ta amince da shi fiye da yadda wanda bai sani ba zai amince, don ta san cewa furotin ɗin gaskiya ne.

A ganina babban kuskuren ba na kimiyya ba ne. Shigo da yis ɗin ba izini saɓa doka ne ko da bai taɓa fita daga bututu ba, kuma niyyar shayar da shi ga mutanen da ba a tambaye su ba ta fi wannan nauyi. Ba na cewa furotin ɗin zai kwantar da wani a asibiti. Abin da ke cikin roba da aka raina a sito lokacin ƙurar hunturu, inda rabin farantai suka yi fumfuna, ba yis kaɗai ba ne, kuma ba ta da hanyar tantancewa. Da gwajin zoɓon ya yi nasara a ranar farko, da wuya ta je Palladan.

B2 ya yi aiki ne saboda ta juya tambayar. Maimakon ta tilasta wa zoɓo haske, ta nemo abin shan da haske ke iya ratsawa, ta daidaita tsami da fitila da duhun ɗaki. Kuma in don gudun halittun da aka sauya ne, ba ta yi nisa ba: yawancin ribofilabin da ake sayarwa a duniya yau ƙananan halittu ne ke ƙera shi a manyan tankunan masana'antu, ciki har da bakteriyar Bacillus subtilis da aka sauya wa ƙwayar halitta. Bambancin shi ne can da izini ake yi, kuma ana tace halittar a fitar da bitamin zalla.

Zuwa Fabrairu ta yi irin teburin a biki 2. Jan da amarya ta nema har yanzu bai samu ba. Shafin ƙarshe da ta nuna mini garin zogale ne da ta jiƙa a man gyaɗa mai ɗumi ta tace: koren ganye in ya narke a mai, ja yake mayarwa a ƙarƙashin tocilan, ja mai kyau kamar garwashi. A ƙasan shafin ta rubuta, "Wa zai sha mai?"